Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jam'iyyun Siyasa Na Jihar Zamfara Kan Zaɓen Fid Da Gwani Na Gwamna

Zuwa ga shugabannin jam'iyyun siyasa na Jihar Zamfara a matakin jiha da na ƙananan hukumomi, da dattawan jam'iyyun da masu faɗa a ji a cikinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ku da iyalanku, ina roƙon Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a wannan jiha tamu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma na rubuto wannan wasiƙa a madadin wasu daga cikin talakawan jam'iyyunku da muke zama majalisa ɗaya bayan sallar la'asar. A cikinmu akwai manoma da 'yan tireda da direbobi da masu sana'ar hannu, akwai kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka dawo gari suka raɓa da dangi. Ba jam'iyyarmu ɗaya ba, ba kuma ɗan takara ɗaya muke so ba. Abin da ya haɗa mu shi ne kowannenmu yana riƙe da katin jam'iyya da katin zaɓe, kuma kowannenmu ya ga yadda ake yanke hukuncin wanda zai mulke mu tun kafin a zo ranar da za a nemi ra'ayinmu.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne, sau biyu a jere, a zaɓen 2019 da na 2023, zaɓen fid da gwani na ɗan takarar gwamna a wannan jiha ya ƙare a gaban alƙalai, sau ɗaya a kowace daga cikin manyan jam'iyyun biyu, kuma har yau ba mu ji jam'iyyar da ta tara 'ya'yanta na mazaɓu ta bayyana masu inda aka yi kuskure da abin da aka gyara ba. An yi sulhu tsakanin manya, an rungumi juna a gaban 'yan jarida, wasu sun sauya sheƙa wasu sun dawo, amma tsarin da ya haifar da fitinar yana nan yadda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka za mu faɗi abin da ke ranmu dalla-dalla, cikin ladabi, ba don tozarta kowa ba.

Kokenmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne abin da ya faru a 2018 da 2019, wanda muke ganin an yi gaggawar mantawa da shi. Hukumar zaɓe ta INEC ta sa ranar 7 ga Oktoba 2018 a matsayin ranar ƙarshe ta kammala zaɓen fid da gwani. Jam'iyyar APC, wadda ke riƙe da mulkin jihar a lokacin, ta rabu gida biyu: ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da ke goyon bayan Mukhtar Shehu Idris, da ɓangaren masu neman takara su takwas da aka fi sani da G8, waɗanda suka haɗa da Sanata Kabiru Garba Marafa da mataimakin gwamna na lokacin Malam Ibrahim Wakkala da tsohon gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi da Dauda Lawal. Uwar jam'iyya ta turo kwamiti daga Abuja, aka tashi baram-baram, wa'adi ya cika, INEC ta rubuta cewa jam'iyyar ba ta gudanar da zaɓe ba, don haka ba ta da 'yan takara a Zamfara. Daga nan magana ta koma kotu, har aka wayi gari a ranar 25 ga Janairu 2019 Babbar Kotun Jiha a Gusau ta ce an yi zaɓen, Babbar Kotun Tarayya a Abuja kuma a wannan rana ɗaya ta goyi bayan matsayin INEC. Da wannan ruɗani aka shiga babban zaɓe.

A ranar 9 ga Maris 2019 jama'a suka fito, tsofaffi da mata masu goyo da matasan da suka yi zaɓensu na farko, suka tsaya a layi cikin rana, wasu a garuruwan da fitowa daga gida kanta kasada ce. Aka bayyana cewa ɗan takarar APC ya sami ƙuri'a 534,541, Bello Muhammad Matawalle na PDP kuma ya sami 189,452. A ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, saboda haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Da wannan hukunci ɗaya kujerar gwamna da ta mataimakinsa suka tafi, da kujerun sanatoci 3, da na 'yan Majalisar Wakilai 7, da na 'yan Majalisar Dokokin Jiha 24. Ba mu zargin kotu, domin doka ta bi, kuma ba mu zargin waɗanda suka amfana da hukuncin, domin ba su suka kai kansu ba. Tambayarmu ga shugabanni ita ce: mutum sama da rabin miliyan da aka kira su fito zaɓe alhali an san akwai ƙara a kotu kan halaccin 'yan takarar, wa ya taɓa ba su haƙuri? Talakan da ya bar gonarsa ko shagonsa ya yini a rumfar zaɓe bai aikata laifin komai ba, shi ne kuma ya biya kuɗin taurin kan da mutanen da ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba suka yi wa juna.

Abin bai tsaya a nan ba. Gwamnatin Matawalle da ta zo ta wannan hanya ta fara mulki da tambaya a kan tushenta, a daidai lokacin da jihar ke buƙatar shugabancin da kowa ya sallama masa don fuskantar 'yan bindiga. A watan Yunin 2021 gwamna ya koma APC, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi binsa, a watan Fabrairun 2022 majalisa ta tsige shi. A cikin waɗannan shekaru ne aka sace ɗaliban makarantar 'yan mata ta Jangebe, a cikinsu ne aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako-mako a 2021, mutane suka shiga ƙuncin da ba a taɓa gani ba. Ba mu ce zaɓen fid da gwani ne ya kawo 'yan bindiga ba, amma mun ga da idonmu yadda lokaci da hankali da dukiyar da ya kamata a zuba a kan tsaro suka tafi wajen lissafin wane yana tare da wane.

Da a ce jam'iyya ɗaya ce ta faɗa wannan rami, da sai mu ce tsautsayi ne. Amma a 2022 sai ga PDP, wadda ta ci gajiyar kuskuren abokiyar hamayyarta, ta kusa maimaita shi. An yi zaɓen fid da gwani a watan Mayu, Dauda Lawal ya yi nasara, wasu daga cikin abokan takararsa suka tafi kotu, Babbar Kotun Tarayya a Gusau ta soke zaɓen a watan Satumba ta ce a sake. Aka sake, kotu ta kuma soke shi a watan Nuwamba, har ta ce jam'iyyar ba ta da ɗan takarar gwamna. Sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta mayar masa da takararsa, ana dab da shiga zaɓe. Mutumin da daga baya jama'a suka zaɓa da ƙuri'a 377,726 a watan Maris 2023, kaɗan ya rage sunansa bai hau takardar ƙuri'a ba. Watannin da ya kamata masu neman kujera su zagaya ƙananan hukumomi 14 suna faɗa mana yadda za su yi da tsaro da makarantu da asibitoci, an cinye su a zaryar Gusau da Sakkwato da Abuja, magoya baya kuma suna zaune kusa da rediyo suna jiran abin da alƙali zai ce.

Koke na biyu ya shafi mazaɓa, inda a takarda daga nan ne komai yake farawa. Jihar nan tana da mazaɓu 147, kuma ko wakilai za a zaɓa ko ƙato-bayan-ƙato za a yi, doka da tsarin mulkin jam'iyyunku sun ce a mazaɓa za a taru. Bari in ba ku abin da ya faru da ni, ba tare da na ambaci jam'iyya ko shekara ba, domin na tabbata 'yan kowace jam'iyya za su gane labarin. An sanar da mu cewa za a yi taron zaɓen wakilai a makarantar firamare ta mazaɓarmu. Muka hallara tun da hantsi, mun fi ɗari, muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan, babu jami'in da ya zo, babu takarda, babu rajista. Da magariba ta gabato muka watse. Bayan kwana biyu sai muka ji sunayen wakilanmu, an ce an zaɓe su ba hamayya, cikinsu har da wanda a ranar ba ya garin. Wani dattijo da muka yini tare ya ciro katinsa na jam'iyya ya dube shi, ya tambaye ni ko wannan katin yana da wani amfani bayan zuwa taro a yi tafi. Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma tun daga ranar bai sake halartar taron jam'iyya ba. Irin waɗannan sunaye da ake rubutawa a ɗakin otal su ne lauyoyi ke kamawa a kotu, su rushe ginin gaba ɗaya, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce jam'iyya ta ba INEC sanarwar kwana 21 kafin taro, ta miƙa rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani, kuma jam'iyyar da ta saɓa wa ƙa'idar tsayar da ɗan takara ba za a sa ɗan takararta a zaɓe ba.

Na uku shi ne kuɗi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, PDP kuma naira miliyan 21. A lokacin mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 30,000 ne, wanda ke nufin ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da shekara 138 yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi fom ɗin farko. Wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai. A 2022 ɗin wakilai uku aka ɗauka daga kowace mazaɓa a PDP, biyar a APC, wato mutane 'yan ɗaruruwa ne suka zaɓar wa jiha mai masu rajistar zaɓe kusan miliyan biyu waɗanda za ta zaɓa a cikinsu. Idan masu yanke hukunci suka zama kaɗan haka, farashinsu yana da sauƙin sani. Wani ɗan'uwana ya taɓa zama daliget. An kwashe su a mota kwana biyu kafin zaɓe, aka ajiye su a wani masauki, aka karɓe wayoyinsu, aka sa su yi rantsuwa, aka ba kowa ambulan. Ya dawo ya sayi babur, kuma ban ga laifinsa ƙwarai ba, domin na san halin da gidansa ke ciki. Amma shi da kansa ya gaya mani cewa wanda zuciyarsa ta kwanta da shi daban, wanda ya jefa wa ƙuri'a daban. Wanda ya kashe irin wannan dukiya kafin ya hau kujera, ko dai tasa ce zai nemi ya mayar, ko ta wani ce zai biya da kwangila da muƙami, kuma ko wanne ne daga baitulmalin jiha za a cire, daga kuɗin takin manomi da rufin aji da maganin asibiti.

Sai maganar maslaha. Mu Musulmi ne, mun san sulhu alheri ne, kuma ba mu ƙin a zauna a daidaita idan masu neman kujera sun yarda da kansu. Dokar 2022 ta amince da wannan hanya, amma da sharaɗin kowane mai neman takara da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wanda aka tsayar, sannan a kira taro a tabbatar da shi, idan kuwa mutum ɗaya ya ƙi to a koma ga zaɓe. Abin da muka saba gani ya sha bamban da haka. Ana kiran mutane gidan babba da dare, a sanar da su abin da aka riga aka yanke, da safe a ce an yi maslaha. Sunan wannan a bakin jama'a ɗauki-ɗora, kuma wanda aka danne ta wannan hanya ba ya haƙura: ko ya tafi kotu, ko ya sauya sheƙa da mutanensa, ko ya zauna a ciki yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Duk ukun mun gan su a jihar nan.

Akwai kuma abin da ya fi tsorata mu a matsayinmu na iyaye. Kowane zaɓen fid da gwani yana zuwa da ɗaukar matasa aikin bangar siyasa, a ba su ƙwaya da makami da 'yan kuɗi su tare ƙofar wurin taro ko su tarwatsa shi. A wata jihar ana iya kiran wannan rashin tarbiyya kawai. A Zamfara, inda daji ke cike da makamai kuma masu neman yara marasa aikin yi ba su da nisa, koya wa matashi cewa ana samun kuɗi da tsoratar da mutane wasa ne da wuta kusa da rumbu. Na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma na ga wasu da na san suna da ƙwaƙwalwa sun bi wannan hanya, bayan zaɓe waɗanda suka yi amfani da su suka daina ɗaukar wayarsu.

Kokenmu na ƙarshe na 'yan'uwanmu ne da ke gudun hijira. A yankunan Maru da Anka da Zurmi da Shinkafi da Tsafe da Maradun akwai ƙauyukan da mutanensu suka watse, wasu suna Gusau, wasu suna hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu sun bar jihar. Waɗanda ke zaune tare da mu suna tambaya: idan an kawo sakamako daga mazaɓarsu, wa ya taru, kuma a ina? Su ne suka fi kowa sanin irin gwamnan da jihar ke buƙata, domin su suka biya kuɗin fansa, su suka bar gonaki ba a nome ba, kuma su ne sunansu ya fi sauƙin a yi amfani da shi ba da saninsu ba.

Ranku ya daɗe, muna so ku tuna cewa mutanen Zamfara sun san darajar ƙuri'arsu. A 2011 sun kayar da gwamna mai ci, a 2023 sun sake kayar da wani gwamna mai ci, abin da jihohi da yawa ba su taɓa yi ko sau ɗaya ba. Jama'ar da ta iya wannan ba ta cancanci a riƙa ɗaukarta a matsayin 'yan rakiya ba. Saboda haka muna gabatar maku da buƙatunmu kai tsaye.

Muna roƙon kowace jam'iyya ta sabunta rajistar 'ya'yanta, ta manna ta a ofishinta na kowace mazaɓa tun da sauran lokaci, yadda kowa zai je ya ga sunansa, wanda aka cire ya kai ƙorafi, kuma rajistar da aka manna ta zama ita ce aka miƙa wa INEC, ba wata ba. Muna roƙon ku sanar da hanyar da za ku bi wajen tsayar da ɗan takarar gwamna, da rana da wuri da sunayen jami'an da za su gudanar, a gidajen rediyo da harshen Hausa, makonni kafin ranar, kuma kada a canja wuri ko lokaci da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya faru a 2018 ya isa ya hana kowace jam'iyya jinkirta zaɓenta zuwa makon ƙarshe na wa'adi, yadda idan an sami tangarɗa babu sauran damar gyara.

Muna roƙon duk taron da za a yi a mazaɓa a yi shi a fili, da rana, a gaban jami'in INEC da wakilan kowane mai neman takara, a ƙirga a bayyane, a rubuta sakamako a wurin, kowane wakili ya sa hannu ya tafi da kwafinsa. Ga mazaɓun da tsaro bai bari a taru ba, ku zauna da INEC da jami'an tsaro da sarakunan yankin ku ware wuri a hedikwatar ƙaramar hukuma, ku sanar da 'yan gudun hijira inda za su je. Idan kuwa maslaha kuka zaɓa, ku buga takardun janyewar da masu neman takara suka sa wa hannu kowa ya gani, kuma duk wanda ya ce shi zaɓe yake so a ba shi haƙƙinsa ba tare da an kira shi maci amana ba.

Muna roƙon shugabannin jiha su kai wa uwar jam'iyya kukanmu kan tsadar fom, su nemi a rage shi zuwa abin da malamin jami'a ko likita ko ɗan kasuwa mai rufin asiri zai iya biya ba tare da ya jingina kansa ga ubangida ba. Muna roƙon ku sa duk mai neman tikitin gwamna ya bayyana a zaure ɗaya da abokan takararsa, a watsa kai tsaye a rediyo, ya amsa tambayoyin jama'a kan tsaro da noma da ilimi da albashi da fansho kafin a tsayar da shi. Muna roƙon kowannensu ya sa hannu a gaban malamai da sarakuna cewa ba zai ɗauki 'yan banga ba, kuma jam'iyya ta rubuta a ƙa'idojinta cewa wanda aka kama ya yi haka ya rasa takararsa. Ga gwamna mai ci da tsofaffin gwamnoni da sanatoci da ministoci, kowa yana da 'yancin ya so wanda yake so kuma ya yi masa yaƙin neman zaɓe, abin da muke roƙo shi ne kada ɗayanku ya riƙe takardun sakamako ko ya zaɓi jami'an da za su ƙirga.

Daga ƙarshe muna roƙon kowace jam'iyya ta kafa kwamitin sauraron ƙorafi na mutanen da ba su da ɗan takara, wanda zai zauna a Gusau cikin kwanakin da suka biyo bayan zaɓen fid da gwani, ya saurari wanda aka zalunta kafin ya nemi lauya. Kuma muna jiran ranar da shugabannin da suka jagoranci ɓangarorin 2018 da na 2022, waɗanda mafi yawansu suna raye kuma suna cikin harkar har yau, za su tsaya a gaban 'ya'yan jam'iyyunsu na mazaɓu su ba su haƙuri, su kuma karanta masu matakan da suka ɗauka kafin a buɗe sayar da fom na zaɓe mai zuwa.

Allah Ya yi maku jagora, Ya ba ku ikon riƙe amanar da ke wuyanku.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Malamin makaranta mai ritaya, a madadin abokan zamansa 'yan jam'iyyu daban-daban,
Gusau, Jihar Zamfara.